Idon Kyaftin na Dama

In ka je ƙofar fitowar baƙi a filin jirgi, ba sai an nuna maka Kyaftin ba. Sauran direbobi suna turereniya, kowa ya ɗaga kwali da sunan baƙonsa, shi kuwa yana can gefe ya jingina da ginshiƙi, cikin farar riga mai aljihu biyu da ta sha guga, da hular direba wadda ita ta ja masa wannan suna. Kwali? Allah ya sawwaƙe. Shekara ashirin da biyu yana ɗauko baƙin asibitin ido, bai taɓa riƙe kwali ba. Ya ce daga tafiyar mutum yake gane nasa.

Ba da wasa ya kai nan ba. A karen mota ya fara, a bayan wata tsohuwar tirela, shekara shida yana cin zagi yana saka wa taya weji. Daga nan ya yi tasi, har ba lungun da bai san ramukansa ba a birnin nan. Ranar da asibitin ido ya nemi direba, mutum goma sha ɗaya suka zo, aka ce kowa ya shigar da doguwar motar da baya ta ƙaramar ƙofa. Shi kaɗai ya shigar da ita bai goga ba, kuma yana yi yana hira da maigadi. Tun daga ranar bai taɓa ko ƙwarzanar fenti ba. In ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka wannan, in ka ƙara biyar sai ya maimaita.

Sai dai akwai abin da ba ya faɗa. Shekara uku ke nan idonsa na dama ya soma yi masa hazo, bana kuwa ya rufe ruf, haske da duhu kawai yake bambantawa. Dokar asibiti ita ce duk shekara a gwada idon direbobi, wanda ya faɗi ya ajiye makulli. To, allon haruffan da ke ɗakin gwajin ido, Kyaftin ne ya buga masa ƙusa da hannunsa tun zuwansa. Ya haddace shi tsaf, daga babban harafin sama har ƙananan nan na ƙasa masu kama da tururuwa. In aka rufe masa idon hagu sai ya gyara zama, ya ɗan yi jim kamar mai ƙoƙari, ya zubo su a jere. Tsohon malamin gwajin ya buga hatimi yana cewa, "Kai, Kyaftin, idonka sai dai a yi masa addu'a." Haka ya tsallake sau uku, kuma ko a jikinsa. A ganinsa hannu ke tuƙi, ba ido ba.

Ranar wata Talata aka aike shi ɗauko sabuwar ma'aikaciyar jinya, 'yar sa-kai daga ƙasashen sanyi, wadda za ta yi shekara guda a asibitin. Yana hango ta ya san ita ce: doguwa, siririya, rigar sanyi ɗaure a ƙugu, tana tura akwati biyu da wani faffaɗan kwali. Tana fitowa daga sanyin ginin zafi ya mare ta, ta tsaya cak, baki buɗe.

"Sista, sannu da zuwa," ya ce da Turancinsa na direba, wanda ba ya jin kunyarsa ko kaɗan. "Kada ki damu, wannan zafin na maraba ne. Na gaske sai ƙarfe biyu."

Ta yi dariya, ta ce tana jin kamar an buɗe mata murhu a fuska. Ya loda kayan a but, ta ƙi zaman baya, ta shigo gaba ta zauna a damansa.

Kyaftin ya daɗe da kasa baƙi gida uku. Akwai masu runtse ido su ƙanƙame kujera tun daga shataletalen farko. Akwai masu ɗaukar hoton komai, har akuya. Akwai kuma masu tambaya, waɗanda kafin a kai asibiti sun gama tsara yadda za a gyara birnin gaba ɗaya. Waɗannan su suka fi ba shi haushi. Kowane kashi yana da hanyar da yake bi da shi. Ofis kullum cewa yake a bi da baƙi ta sabon titin bayan gari, a rufe gilashi a kunna sanyi. Shi kuwa ya ce wanda zai zauna da mutane gara ya gan su tun ranar farko. Sai ya sauke gilashi ya kutsa tsakiyar gari.

Wayyo, Sista! Babura suka rufe su ta ko'ina kamar an fasa gidan zuma. Ga wani ya ɗauko katifa a ka yana tuƙi da hannu ɗaya, ga wata mata da 'ya'ya uku a babur guda, ƙaramin yana barcinsa. Masu walda suna ta feshin wuta a bakin titi, janareto na ruri a ƙofar kowane shago, tela ya saɓa kekensa a kafaɗa yana kaɗa almakashi. Hayaƙi, ƙamshin suya, warin kwata, duk suka shigo motar lokaci guda. Da fari ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Can sai ta tambaya, cikin ƙaramar murya, wane ne ke da hanya a nan.

"Wanda ya fara sa hanci," in ji Kyaftin.

"In duk suka sa fa?"

"Sai a duba wanda motarsa ta fi tsufa. Shi ba abin da zai rasa."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta saki ƙofar. Ta ce a garinsu sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ji hon ba, maƙwabcinka ma sai ka shekara ba ku gaisa ba, amma nan kowa yana magana da kowa, har direbobi ta taga. Ta ce ba ta taɓa ganin mata da kaya masu launi haka ba, kuma duk ƙurar nan fararen kayan mutane fes, yaya ake yi? Ta ga ɗan sanda yana ba da hannu yana rawa, ta tafa masa. A cunkoson bakin gada wani mai talla ya zuro mata agogon bango ta taga, ta rasa yadda za ta yi, ta ce masa ta gode. Kyaftin ya ji daɗi a ransa, ya ce wannan za ta zauna.

Sai ya shiga aikin da ya fi so, wato nuna gari. Ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga asibitin da aka haifi babbar 'yarsa, ga makarantar da ya yi aji uku ya gudu. Da suka sauko daga gada ya miƙa hannu dama ba tare da ya waiwaya ba.

"Ga babbar bishiyar masu aski can. Ta girmi kakana. Duk wanda ya ɓata a garin nan, a nan ake cewa a haɗu."

Sista ta duba. Ba bishiya a wurin. Gidan mai ne sabo fil, da jan rufi da tutoci. Ta ciro ƙunshin alewa daga jaka ta miƙa masa daidai kafaɗarsa ta dama, ta riƙe a nan. Bai karɓa ba, bai ce a'a ba, yana ta ba ta labarin wanzamin da ya taɓa yanke masa kunne. Ta mayar da alewar a hankali. Daga nan ta daina kallon gari, ta koma kallonsa. Ta ga yadda yake juya kai gaba ɗaya a kowace mahaɗa, da yadda yake danna hon kafin ya karya dama ko ba kowa.

Ba su fi tafiyar minti biyar ba wani mai tura kurar ruwa ya ɓullo daga lungu ta dama, jarkoki goma sha biyu a gabansa.

"Tsaya!" ta ƙwala.

Kyaftin ya taka birki, motar ta yi tsalle ta tsaya. Tsakanin bamba da gwiwar mutumin bai kai tafin hannu ba. Kyaftin ya leƙa ta taga ya wanke shi tas: ba ka da ido ne, titin na gidanku ne, so kake ka ja mini? Mai ruwa ya ba da haƙuri ya wuce. Kyaftin ya gyara hula ya ce wa Sista haka suke, sai ka yi musu tuƙin ka yi wa kanka. Ya canza giya suka ci gaba. Bai ƙara nuna mata komai ba har suka isa.

A harabar asibiti yana sauke kaya ya tambaye ta faffaɗan kwalin nan na mene ne, don ya san inda zai kai shi.

"Na ɗakin gwaji ne," ta ce. "Sabon allo. Za a cire tsohon."

Kyaftin ya dubi kwalin. Gwajin direbobi saura kwana tara. Wato shi da kansa ya ɗauko abin nan daga filin jirgi, har yana lallaɓa shi a kan ramuka kada ya fashe! Amma Kyaftin ba mai saurin karaya ba ne. Wanda ya haddace allo ɗaya ai zai haddace na biyu. Washegari da sassafe ya je da guduma da ƙusa, ya ce shi ke kafa komai a asibitin nan. Ya kafa shi daidai, ya ja baya, ya rufe baki yana karantawa da idon hagu: layin farko, na biyu, na uku. Yana cikin na huɗu Sista ta shigo da wani ɗan rimot a hannu. Ta danna, haruffan suka watse, wasu suka fito. Ta sake dannawa, suka sake canzawa. Ashe ba allo ba ne, talabijin ne na jaraba.

"Kullum haka yake yi?" ya tambaya.

"Duk dannawa." Ta tura ƙofar ta rufe. "Kyaftin, zan iya duba idonka na dama? Minti ɗaya."

"Idona lafiya lau. Ki tambayi malamin gwaji, takarduna suna nan da hatimi."

"Na gan su. Na kuma ga mai ruwan jiya kafin ka gan shi."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta biyu ba, wadda jiya-jiyan nan ba ta san wanda ke da hanya a titi ba, ita ce yau za ta koya masa gani? Ya ce mata likitoci nawa ya ɗauko ya mayar, manya masu furfura, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Ta ce wataƙila duk a baya suke zama. Ta ce a ganinta yanar ido ce ta rufe shi, irin wadda ake cirewa a ɗakin da ke kusa da su kowace Laraba, kuma yawanci ido yana dawowa, amma ba za ta rantse ba sai likita ya duba abin da ke bayanta. In an yi aikin, sai ya yi kamar wata biyu bai taɓa sitiyari ba.

"Ba zan kai ƙararka wurin Manaja ba," ta ce. "Baƙuwa ce ni, kwanana ɗaya. Amma ranar gwaji ni zan riƙe rimot ɗin nan, kuma abin da na gani shi zan rubuta."

Ya ɗauki gudumarsa ya fita. Wata biyu! Ya san asibitin nan sarai. Mota ba ta kwana biyu a ajiye. Za a ɗauko wani ya riƙe, mai ƙuruciya, mai ido biyu, kuma wanda ya riƙe ya riƙe ke nan. Wa zai mayar da makulli ga mutum mai shekara hamsin da takwas da aka yi wa aikin ido? In kuma likita ya leƙa ya ce ba yana ba ce kaɗai, shi ke nan, an gama.

Da yamma ya koma gida ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya ƙi cire hula. Matarsa ta kawo masa shayi ta ajiye. Ya fara ba ta labarin rashin kunyar 'yan zamani, baƙuwa daga zuwa ta fara neman raba mutum da abincinsa, wai idonsa. Matar tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, ta wane gefe na ajiye maka shayin nan?"

"Ta hagu mana. Me ya kawo wannan?"

"Shekara biyu ke nan ina ajiye shi ta hagu. Da ta dama nake ajiyewa, ka yi ta shure mini kofuna, har guda huɗu. Yara ma sun sani, in za su gaishe ka ta hagu suke zagayowa. Kai kaɗai ne a gidan nan kake zaton ba a sani ba."

Ya dubi kofin da ke hagunsa. Ya ce to me ya hana ta magana?

"Na yi magana ka ce me? Kai da ko ciwon kai ba ka yarda kana yi." Ta ajiye rariyar. "Wallahi duk safiyar da ka fita, sai na ji ƙarar ƙofa da yamma hankalina yake kwanciya. Ba kai kaɗai nake ji wa tsoro ba, har 'ya'yan mutane. Na gaji, Malam."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban matar nan. Amma da ya shanye shayin sai ya ce saura kwana takwas, zai san dabara. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Alhamis aikinsa shi ne mayar da waɗanda aka yi wa aiki jiya ƙauyukansu, tafiyar awa uku a doguwar mota. Wannan aikin yana sonsa fiye da ɗauko baƙi. Ya zo da wuri, ya duba mai da ruwa da iskar taya, ya goge gilashi. Aka fito da su a jere, tsofaffi goma sha huɗu, kowa da auduga da filasta a ido ɗaya, ɗayan idon ma na yawancinsu sai a hankali. Kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Sista tana cikin masu rako su. Ita ta kamo hannun wata tsohuwa 'yar ƙarama ta zaunar da ita a kujerar bayan direba, ta ɗaura mata bel. Suka haɗa ido da Kyaftin, ta gaishe shi, ta koma bakin baranda ta tsaya.

Ya shiga ya tayar da mota. Injin ya ɗauka lafiya lau, yadda yake so. Ya gyara madubi, ya sa hannu a giya. Sai ya ji an dafa masa kafaɗa daga baya, ana lalube.

"Direba, kai ne nan?"

"Ni ne, Iya."

"To madalla. Sun ce gobe in an cire audugar zan ga jikokina, biyu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ka bi da mu a hankali, ɗana. Mu dai yau ba mu da ido sai naka."

Sauran suka amsa da Allah ya kai mu lafiya. Wani tsoho a baya ya ce ai wannan direban an ce bai taɓa ko taka kaza ba.

Kyaftin ya zauna, hannu a giya. Ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa: kasuwar da ke cin rabin titi, 'yan makarantar da ke tsallakawa a guje, mahaɗar da manyan motoci ke shigowa ta dama. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, abin da bai taɓa yarda ya yi a cikin mota ba. Ƙofar asibiti, maigadi, titi, duk suka tafi, sai wani farin hazo. Ya sauke hannun. Tsoro ya kama shi sosai, ba na makulli ba.

Ya kashe motar.

"Lafiya, direba?" in ji tsohuwar.

"Lafiya lau, Iya. Ku ɗan yi haƙuri, wani zai zo ya kai ku. Ya fi ni."

Ya sauko, ya aika a kira direban motar magani, ya tsaya har ya zo. Ya gaya masa birkin yana son a taka shi sau biyu, kada ya wuce sittin, kuma ya tsaya a rabin hanya tsofaffi su yi fitsari ko ba su tambaya ba. Sai da motar ta fice daga ƙofa sannan ya nufi ofis.

Manaja mace ce mai fama da takardu, ta ɗago tana mamakin ganinsa. Ya ciro makullin ƙaramar motar da na gareji ya ajiye a teburinta. Ya gaya mata komai a tsaye, har haddar allon, bai rage ba. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa.

"Baba Kyaftin, shekara uku? Da mutanenmu a mota?"

"Shekara uku, ranki ya daɗe. Laifina ne, ba na malamin gwaji ba."

"Ka san ba zan iya yi maka alkawari ba. Dole in sa wani a motar nan tun gobe. In an yi aikin, in ka ci gwaji, sai in kai maganar gaba. Ban san me za su ce ba."

"Na sani. Ban zo roƙo ba."

Ya fito. Sista tana baranda har yanzu. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Sista, ina ake yankar kati?"

Shekara ashirin da biyu yana wuce tagar yankar katin, bai taɓa tsayawa a gabanta ba. Ta nuna masa. Layin ya kai mutum talatin, ya je ƙarshe ya tsaya da farar rigarsa, masu shara da masu gadi suna leƙensa. Wani ya ce Kyaftin ya zo gaba mana, ai shi na gida ne. Ya ce a'a, kowa da layinsa.

Da ya iso taga, magatakardan bai ɗago kai ba. Ya tambayi suna, ya rubuta. Ya tambayi shekaru, ya rubuta. Ya tambayi abin da ke damunsa.

"Idon dama. Ba na gani da shi."

"Sana'a?"

Kyaftin ya gyara hularsa. Sannan ya matso da bakinsa daidai ramin tagar, yadda na bayansa ma za su ji.

"Direba," ya ce. "Rubuta da kyau."